Manajan gini ya ɗora maka ƙarin kuɗi? Ga yadda ake ƙalubalantarsa mataki-mataki

Tun ranar da na faɗi yadda muka sa aka cire wani kuɗi da manajan ginin da nake zaune ya ɗora mana, mutane ba su bar ni na huta ba, kowa tambayarsa ɗaya ce, wai ta ina ake farawa. Wani ya ce ya dawo aiki ya tarar an zuro masa takarda ta ƙarƙashin ƙofa kuɗin hidima ya kusa ninkawa, wata baiwar Allah kuma ta ce an ba su sati biyu su kawo kuɗin gyaran rufi alhali ba wanda ya taɓa jin rufin na yoyo. To ga shi na zauna na jera abin yadda yake. Magana ce ta duk wanda ke zaune a gini mai fulat da yawa, ko saye ya yi ko haya yake, inda ake haɗa kuɗin gadi da shara da wutar matakala da lif da famfon ruwa da inshora a raba wa mazauna. Doka ta bambanta ƙasa zuwa ƙasa, inda na kawo ta wata ƙasa zan faɗi sunanta, amma jerin aikin kusan ɗaya ne ko'ina.

1. Ranar da takardar ta zo

Kar ka yi komai da zafin rai. Ka ɗauki hoton takardar gaba da baya, ka rubuta ranar da ta iso hannunka a jikinta, in a ambulan ta zo kar ka yar da ambulan ɗin, domin sau da yawa ranar da aka buga a saman takarda daban, ranar da aka kawo ta daban, kuma wa'adi da ranar karɓa ake ƙirga shi a wurare da dama.

Sai ka gane wane irin kuɗi ne. Akwai na kowane wata ko kowace shekara wanda ƙiyasi ne kawai, akwai cikon ƙarshen shekara idan an ce abin da aka kashe ya wuce ƙiyasin, akwai na babban aiki irin sake rufi ko canza lif, akwai kuma tara ta jinkiri ko "kuɗin ofis". Kowanne da ƙa'idarsa, in ka haɗa su ka yi musu kuɗin goro manajan zai amsa maka mai sauƙin ya bar sauran.

Gargaɗi: kar ka faɗa guruf ɗin WhatsApp na mazauna ka fara kiran mutum ɓarawo. Ba ka da hujja tukuna, kuma za ka iya wayar gari ana maganar ɓata suna an manta da maganar kuɗin.

2. Fito da yarjejeniyarka ka karanta da biro a hannu

Na san ba ta da daɗin karatu, amma rabin shari'ar a nan take. Manaja ba shi da ikon karɓar kuɗin da takardar da ka sa wa hannu ko kuma dokar ginin ba ta ba shi ba, ko da kuwa aikin da ya yi mai kyau ne. Abubuwa biyar za ka ja wa layi: waɗanne hidimomi ne aka lissafa da suna, nawa ne kasonka kuma yaya aka yanka shi (daidai-wa-daida ne, ko da girman fulat, ko da mita), yaushe ake biya kuma yaushe shekarar lissafi ke ƙarewa, shin akwai asusun ajiya na manyan gyare-gyare, sannan ladan manajan nawa ne, tsayayye ne ko kashi ne na jimillar abin da aka kashe.

In kai ɗan haya ne, a nan za ka gane da wa ma kake rigimar. Galibi yarjejeniyarka da mai gida ce ba da manaja ba, kuma ba duk abin da aka caji mai gida ne yake da damar turo maka ba. A Jamus misali, kuɗin gyara da kuɗin gudanarwa ba sa cikin abin da ake ɗora wa ɗan haya a lissafin hidimar gida, na mai gida ne. A Faransa akwai wata doka ta 26 ga Agusta 1987 da ta jera abubuwan da mai gida zai iya karɓa daga ɗan haya, abin da ba ya cikin jerin ba ya hawa kansa. Ko a inda babu irin wannan jeri, hankali ma ya ba ka cewa canza ƙwan fitilar matakala daban, sake wa gini rufi daban.

Gargaɗi: in takardar ta ɓace ka nemi kofi daga mai gida ko ejan ko lauyan da ya yi cinikin kafin ka ce uffan. Musu ba takarda a hannu ɓata yawu ne.

3. Nemi lissafi a rubuce

Imel ko wasiƙa, gajeriya, ba zagi ba habaici. Ga irin wadda nake rubutawa:

"Assalamu alaikum. Na karɓi takardar neman kuɗi mai kwanan wata kaza, ta fulat lamba kaza. Ina roƙon a turo min cikakken bayanin yadda aka kashe kuɗin shekarar kaza layi-layi, da kofin rasitai da kwangiloli, da bayanin yadda aka fitar da kasona, cikin kwana 14. Wannan wasiƙa ba ta nufin na amince da adadin da aka nema. Na gode."

Shi ke nan, kar ka ƙara tarihin yadda maigadi ya taɓa yi maka rashin kunya. In da hannu ka kai, ka je da kofi biyu a sa hannu da kwanan wata a naka.

Ba alfarma kake nema ba fa, a wurare da yawa haƙƙi ne. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ce duk wanda ya karɓi kuɗin hidima sai ya ba da rasit na daban, kuma ɗan haya na da haƙƙin a ba shi bayanin yadda aka kashe kuɗin a rubuce aƙalla duk wata shida. A Ingila dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ta ba mai fulat damar neman taƙaitaccen lissafi, bayan ya karɓa kuma yana da wata shida ya nemi ganin rasitan da idonsa. A Faransa dole mai gida ya ajiye takardun shaida ɗan haya ya iya dubawa har wata shida bayan an turo masa lissafin.

Gargaɗi: kiran waya ba hujja ba ne. Manajan zai kira ka da murya mai daɗi ya ce "haba ranka ya daɗe, ai sai mu zauna mu yi magana". Ka saurare shi, kuna gamawa ka tura masa saƙo ka ce kamar yadda muka yi magana yau da ƙarfe kaza, ka ce kaza da kaza. Ta haka maganar baki ta zama rubutu.

4. Idan wa'adin biya ya riga amsarsu zuwa

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Sai mutum ya ce wallahi ko sisi ba zan ƙara biya ba sai sun yi bayani, garin neman gira a rasa ido. Da zarar ka daina biya gaba ɗaya ka tashi daga mai ƙorafi ka koma mai bashi, tara ta fara hawa, kuma ka ba su abin faɗa a gaban duk wanda zai shiga tsakani. A jihohi da yawa na Amurka ƙungiyar masu gidaje tana iya ɗora wa gidanka alamar bashi har ta kai ga an sayar da shi, a Ingila kuma bashin kuɗin hidima na iya kaiwa ga maganar rasa fulat ɗin ɗungurungum.

Abin yi shi ne ka biya ɓangaren da ba ka musu a kai, a kan lokaci, ta banki, ka rubuta na mene ne. Ɓangaren da kake musu kuma zaɓi biyu ne, ko ka riƙe ka sanar da su a rubuce dalilin riƙewar, ko ka biya ka rubuta cewa ka biya ne bisa ƙorafi kuma ba ka yafe haƙƙinka na neman a dawo da shi ba. Ni na fi son na biyun in da hali, musamman ga wanda ya ci bashin banki ya sayi gidan. Dokar Ingila ma ta fayyace cewa biyan kuɗi kaɗai ba ya nufin ka amince da shi. In ka zaɓi riƙewa, ka ware kuɗin gefe kar ka taɓa, ranar da aka ce kai ne ba ka da gaskiya kar a same ka hannu rabbana.

5. Zama da rasitai

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma yana cin yamma guda ko biyu. Kayan aikinka lissafin bana, na bara da na bara waccan in kana da su, yarjejeniyarka, kalkuletar waya, da takarda da ka raba gida huɗu: abin da aka ce an yi, nawa aka rubuta, akwai rasit ko babu, yarjejeniya ta yarda ko ba ta yarda ba.

Fara da abu mafi sauƙi, ka tara lambobin da kanka. Za ka yi mamakin yawan lokacin da jimillar ƙasa ba ta yi daidai da layukan sama ba. Daga nan ka duba kasonka. Ɗauka ginin fulat 10 ne, an kashe 500,000 a ko wane irin kuɗi kuke biya, takardarka ta ce kasonka kashi 8 cikin 100 saboda naka ƙarami ne, wato 40,000, amma manajan ya raba goma daidai ya turo maka 50,000. Wannan 10,000 ɗin ba sai an je ko'ina ba, layi ɗaya a yarjejeniya ya kashe maganar. Haka in akwai fulat da ba kowa a ciki ko shaguna a ƙasan ginin, ka duba ko kasonsu aka watsa muku, domin kason fulat da ba kowa galibi na mai shi ne.

Sai rasitan ɗaya bayan ɗaya. Ka duba kwanan wata ya faɗa cikin shekarar da ake lissafi, ka duba adireshin da ke jiki na gininku ne, saboda manajan da ke riƙe da gine-gine biyar yana iya sako muku na wani ginin, da gangan ko bisa kuskure. Ka duba lambar rasit. A namu, abin da ya tona shi ke nan, wata maƙwabciyata ce mai ido ta jera rasitan gyaran famfo a kan tebur ta ga biyu lambarsu ɗaya, har ɗigon tawadar da ke kusurwa ɗaya ne, an dai yi kofi an sa ɗaya a watan uku ɗaya a watan tara. Muka yi shiru muna kallon juna, biri ya yi kama da mutum. Ban ce sata ba ce, manajan ya ce kuskuren ma'aikaci ne, mu dai an cire mana.

Sauran wuraren da kuɗi ke ɓuya: layin "sauran abubuwa" da ba bayani, in ya yi girma ka ce a fasa shi. Hidimar da aka caja wata 12 alhali lif ya yi wata uku a tsaye ko masu shara sun daina zuwa, a nan hotunan wayarka masu kwanan wata da tsofaffin saƙonnin guruf suke amfani. Aikin da inshora ta riga ta biya ko wanda ke ƙarƙashin garanti amma aka sake caje ku. Babban gyaran da aka ce ku kawo sabon kuɗi alhali shekara da shekaru kuna zubi a asusun ajiya, sai ka tambaya nawa ne a asusun kuma a nuna takardar banki. Wutar wuraren haɗaka, ka nemi ganin lambar mita da idonka, gani ya kori ji, wani lokaci ofishin manajan ko wani shago a kan wannan mitar yake. Sannan ɗan kwangilar da kullum shi ne, shi ne fenti shi ne famfo shi ne wuta, ka tambaya an nemi farashi daga wasu kuwa, kuma akwai alaƙa tsakaninsa da manajan ko babu.

In kana ganin tsada ce kawai ta yi yawa, cewa "ya yi tsada" ba ta isa ba. Ka samo farashi a rubuce daga kamfani biyu ko uku na aiki iri ɗaya, girma ɗaya. Yawanci kyauta suke bayarwa ko da ɗan abin zirga-zirga.

Gargaɗi: in ladan manajan kashi ne na jimilla, duk abin da aka cire sai a rage ladansa ma. An cire 50,000 ladansa kashi 10, to akwai wata 5,000 da za ta biyo baya, ba kuma zai tuna maka ba.

6. Duba lokaci, duba ko an yi shawara da ku

Wani kuɗin gaskiya an kashe shi, rasit ma lafiya lau, amma an makara ko an tsallake shawara, kuma wannan kaɗai na iya kayar da shi. A Jamus mai gida yana da wata 12 bayan ƙarewar shekarar lissafi ya kawo lissafin, in ya wuce da laifinsa ba zai nemi ciko ba. A Ingila wata 18 ne daga lokacin da kuɗin ya hau, sai fa in an sanar da kai a rubuce cikin wannan lokaci. A can kuma duk aikin da zai ci wa mai fulat ɗaya sama da fam 250 sai an yi shawara da mazauna tukuna, in ba a yi ba abin da za a iya karɓa ya tsaya a fam 250 sai in kotu ta ɗage musu. A jihar Kalifoniya ƙungiyar masu gidaje ba ta ɗora kuɗi na musamman da ya wuce kashi 5 na kasafin shekara, ko ta ƙara kuɗin yau da kullum sama da kashi 20, ba tare da ƙuri'ar mambobi ba, in ba gaggawa ce ta taso ba. A Dubai kuwa, ƙarƙashin doka ta 6 ta 2019, sai hukumar RERA mai kula da harkar gidaje ta amince da kuɗin hidima kafin a karɓa, ta manhajar Mollak ake fitar da takardun.

Ko dokar inda kake ba ta faɗi adadi ba, dokar gininku kan ce babban aiki sai an kira taro. Ka nemi takardar gayyatar taron da rubutaccen abin da aka yanke da yawan waɗanda suka halarta.

Gargaɗi: agogon nan kai ma yana bin ka. A Faransa mai fulat da bai yarda da hukuncin babban taro ba wata 2 kacal gare shi bayan an sanar da shi, a Jamus wata 1 ne ga masu fulat, ɗan haya kuma wata 12 yake da shi ya yi ƙorafi a kan lissafi. Manajan da ke ta ce maka "ana kan dubawa" yana iya zama lokaci yake ci.

7. Ka nemi maƙwabta

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙwanƙwasa ƙofa uku ko huɗu ku gwada takardunku, wani lokaci a nan za ku ga ba adadi ɗaya aka turo wa fulat masu girma ɗaya ba. Wasiƙa mai sa hannun mutum takwas ba a jefa ta a durowa kamar ta mutum ɗaya, kuma in an kai ga lauya ko akanta kuɗin ya rabu. Ku zaɓi mutum ɗaya mai sanyin kai ya riƙa magana da yawunku, mai yawan zafin nan a bar shi da tara hotuna.

8. Wasiƙar ƙorafi ta gaske

Yanzu ne za ka rubuta mai nauyin. Kowane abu layinsa: kuɗi kaza, adadi kaza, dalilin ƙin amincewa, hujja lamba kaza, abin da nake so a yi. Misali, gyaran famfo na watan tara, rasit ɗaya ne da na watan uku, ga kofi, a cire. Ka ƙare da jimillar da ka yarda da ita da wadda ba ka yarda ba, ka ba su kwana 14 ko 21, ka faɗi inda za ka kai maganar in ba a amsa ba. Ka tura wa manajan, ka ba mai ginin ko kwamitin masu gidaje kofi, domin manaja ma'aikacinsu ne, kuma sau da yawa su kansu ba su san abin da ake yi da sunansu ba.

Gargaɗi: ka zubar da ƙananan ƙorafe-ƙorafen da ba ka da hujjarsu. Uku masu ƙarfi sun fi goma sha biyar da za a karya takwas a ce ai dama rigima kake nema. Kuma kar ka yi barazanar abin da ba za ka yi ba.

9. Sulhu, hukuma, sannan kotu

In sun yi shiru ko sun ƙi, ka hau matakalar daga ƙasa. Da farko tsarin ƙorafi na kamfanin kansa ko taron kwamiti, sannan mai shiga tsakani, sannan hukumar da ke kula da irin wannan. A Afirka ta Kudu akwai CSOS, hukumar sasanta rigingimun gine-ginen haɗaka da dokar 2011 ta kafa, tana fara gwada sulhu in ya ƙi ta yanke hukunci. A Ingila akwai kotu ta musamman ta harkar gidaje da ke duba ko kuɗin ya hau kanka kuma ko ya dace da hankali, mutane da yawa ba lauya suke zuwa. A wasu wuraren ƙaramar kotun ƙananan basussuka ce ko hukumar kare haƙƙin masu saye.

Maganar kuɗi kuma, matakai takwas na baya ba su cin komai sai kuɗin kofin takardu da lokacinka. Daga nan ne kashewa ke farawa: kuɗin shigar da ƙara, ranakun aikin da za ka rasa, akanta ko injiniya in maganar ingancin aiki ce, da lauya. Ka yi lissafi da gaskiya, in abin da ake musu bai kai kuɗin lauya ba, ka biya na zaman shawara na awa ɗaya kawai ya duba maka takardu ka ci gaba da kanka. Amma ka tuna kuskuren kaso duk shekara yake maimaituwa, 10,000 ɗin can a shekara biyar 50,000 ne, har da na shekarun baya da za ka iya nema in lokaci bai ƙure ba.

Gargaɗi: ka duba yarjejeniya ko ta ba manajan damar zuba kuɗin lauyansa a cikin kuɗin hidimar shekara mai zuwa, kar ka ci shari'a ka dawo kana biya wa wanda ka kayar lauya. A Ingila ana roƙon kotun ta hana hakan, kuma tun wajen shigar da ƙara ya kamata ka roƙa.

In an daidaita, a kowane mataki ne, kar ka tashi daga wurin sai an rubuta adadin da aka cire, ranar da za a dawo da shi ko a rage a biya na gaba, da cewa an soke tarar jinkirin da ta hau saboda wannan kuɗin, kowa ya sa hannu. Takarda ta gaba in ta zo ka ɗauko kalkuleta ka duba ragin ya fito, namu sai da muka sake tura saƙo sau biyu kafin ya bayyana.